Ɗiyar da Aka Bar wa Cima

Cima ɗiyar Gado 'yar Tamaske ce, aure ne ya kawo ta Madawa. Ni Kaltuma darnin kara kawai ya raba gidana da nasu, in na yi tari tana ji. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. A kan idona aka yi shi.

Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, muryarta kamar ta maza. Ba ta shiga lakwal, makarantar boko, ba, karatun allo ma bai wuce abin da za ta yi salla da shi ba. Tuwon dawa da miyar kuka take sayarwa a bakin tasha, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sun san ta tun daga Konni har Maraɗi. Mijinta Iliyasu mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Da damina ya yi noma, da rani ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan kamar sauran mazan Adar. Wansa Alhaji Umaru shi ne babba a danginsu, shi ke riƙe da garkar albasa ta gado a fadama, shi ke magana a yi shiru.

Cima ta haifi 'ya'ya uku, duka ta rasa su tun ba su fara tafiya ba. Na huɗun ne ya tsaya, Muntari. Ta haife shi cikin babbar yunwar nan, gab da soja su karɓi mulki, lokacin da muke jiƙa 'ya'yan anza na daji masu ɗaci mu ci, mutanen ƙauye na kwararowa gari da tabarmi a ka.

A lokacin ana aikin babbar hanya, magina sun zo daga ƙasashen bakin teku. Cikinsu akwai wani mutumin Togo mai suna Komla. Ya kama hayar ɗaki a unguwarmu, shi da matarsa Afiwa mai tsohon ciki. Kiristoci ne. Hausar Afiwa a lokacin ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Ta zaga gidaje neman aron turmi, kowa ya ce nasa na da aiki. Cima ce ta mirgino mata nata har ƙofar ɗaki. Wata maƙwabciyarmu Biba ta ce, "Ke Cima, turmin da kike dakan abincin Musulmi?"

Cima ta ce, "Turmi na salla ne?"

Daga nan suka saba. Ba su jin harshen juna, amma sai ka tarar da su zaune, ɗaya na tsince dawa ɗaya na riƙe da Muntari, suna dariyar abin da su kaɗai suka sani.

Ranar wata Talata Afiwa ta haifi mace. Jini ya ƙi tsayawa. An kai ta likita, sun yi iya ƙoƙarinsu, aka dawo da ita gida, sai zazzaɓi ya rufe ta. Ba a yi kwanan suna ba jikin ya yi tsanani. Ni da Cima muna ɗakin da rana, Komla na durƙushe a ƙofa. Afiwa ta kama hannun Cima, ta nuna jaririyar, ta nuna ƙirjin Cima.

Ta ce, "Abla. Nono."

Komla ya ce a wurinsu macen da aka haifa ran Talata ita ce Abla, kamar yadda mu muke cewa Talatu. Sai Afiwa ta ciro wani zare daga wuyanta, da ɗan gicciye na ƙarfe a jiki, ta danƙa wa Cima.

"Lahadi," in ji ta. "Ki kai. Lahadi."

Cima ta dube ta, ta dubi zaren, ta ce, "Na ji. Na ɗauka." Ta ɗaura wa jaririyar zaren a wuya.

Kafin la'asar Afiwa ta cika.

Komla ya nemo madarar gwangwani, jaririyar ta amayar. Ta yi ta kuka har murya ta dushe. Cima ta ɗauke ta, ta zauna bakin murhu, ta sa Muntari a dama, ta sa Abla a hagu. Matar da ita kanta ƙasusuwan wuyanta duk sun fito, mijinta yana Abijan, babu mai kawo mata ko tiyar hatsi.

Labari ya kai kunnen Alhaji Umaru. Ya shigo gidan ko sallama bai gama ba.

"Ke Cima, mi nike ji? Wai ɗiyar kahiri kike ba nonon ɗanmu?"

Ta ce, "Alhaji, biyu Allah ya ba ni, yaro guda gare ni."

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin haɗa ɗan Musulmi da ɗiyar arna 'yan'uwantaka har abada!"

Ta ce, "To in aje ta ta mutu? Ku hwaɗi da bakinku in ji. In kunka hwaɗi, yanzu in aje ta nan gabanku."

Bai faɗa ba. Ya kaɗe rigarsa ya fita. Kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan har gobe. Cikin duk masu surutun nan babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce a bar yarinyar ta mutu. So suke ta mutu ba tare da kowa ya faɗa ba, su ce kwananta ne ya ƙare, su wanke hannu su tafi masallaci.

Na raka Cima wurin Malam Iro, limamin unguwarmu, tsoho mai karatu na gaske. Ya saurare ta har ta gama. Ya ce babu laifi ko kaɗan, lada ma take samu, domin kowane jariri da tsarkinsa ake haihuwarsa, kuma wanda ya rayar da rai guda kamar ya rayar da mutane duka ne.

Cima ta ce, "To Malam, ku hwaɗa masu hakanan a masallaci mana."

Malam Iro ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ce, "Ɗiyata, wani abin sai a bar kaza cikin gashinta."

Kowa ya san Alhaji Umaru ne ya yi wa masallacin rufin kwano. Mun fito da gaskiya a hannu, amma gaskiyar da aka ba mu a ɓoye kamar kayan sata. Allah ya jiƙan Malam Iro. Da ya yi magana sau ɗaya a gaban jama'a, da abubuwa da yawa ba su faru ba.

Sai gulmar ta bi ta har tasha. Aka ce Cima na karɓar naman alade wurin 'yan Togo tana sa wa a miya. Matar da miyarta ba ta ga ko ƙashin akuya ba a wannan shekara! Biba ce ta fara faɗa, wasu suka ɗauka. Mutanen gari suka daina sayen tuwonta, har masu zuwa cin bashi suka ƙaurace. Direbobi baƙi ne suka riƙe ta, su da ba ruwansu da gulmar unguwa.

Da ruwa ya sauka Iliyasu ya dawo. Ya tarar da yara biyu a kan tabarma. Ya ɗauki wannan, ya ɗauki waccan, ya ce, "Allah ya raya." Bai ƙara ba, bai rage ba. Wansa ya kira shi ya yi ta faɗa, shi kuwa ya yi ta cewa "to, Yaya," ya dawo gida ya ci gaba da goya Abla a kafaɗa.

Aikin hanya ya yi gabas, Komla ya bi shi. Duk ƙarshen wata yakan zo da sabulu da sukari da ɗan yadi, ya zauna a ƙasa ya yi wa 'yarsa waƙa da harshensu. Niyyarsa in an yaye ta ya kai ta wurin yayarsa a Togo. Allah bai nufa ba. Abla ta fara haɗa magana ke nan aka aiko cewa kamyon da ke ɗauke da ma'aikata ta kife, Komla na cikin waɗanda suka mutu. Abokan aikinsa suka watse, babu wanda ya san sunan ƙauyensu.

To a nan ne na ga ikon Allah. Bakunan da suka ce yarinyar ƙazanta ce, su ne suka shigo gidan da fara'a. Biba ce a gaba.

"Barka, Cima! Allah ya tsamo ta daga wuta ya ba ki. Sai a cire mata wanga ƙarhe na wuya, a raɗa mata sunan kirki."

Cima na tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Uban yarinya ya mutu kuna yi mini barka? Suna gare ta. Uwarta ta raɗa mata, ina zaune."

"Uwar da ta mutu kahira?"

"Uwar da ta mutu ta bar mini amana. In mutum ya ba ki ajiyar akuya ya mutu, sai ki yanka ki ce Allah ya ba ki?"

Tun ran da Komla ya daina zuwa, Cima ta ɗauki maganar Lahadi a kanta. Kiristocin Madawa a lokacin ba su da yawa, malaman lakwal ne da ma'aikatan likita da 'yan masu sana'a, kusan duka baƙi. Suna taruwa a ƙarƙashin rumfa a gidan wani tela ɗan Dahome, Baba Jozef, limaminsu kuwa sai jifa-jifa yake zuwa daga Tawa. Kowace Lahadi da hantsi Cima ta yi wa Abla wanka, ta shafa mata mai, ta goya ta har ƙofar gidan tela. Ta miƙa ta ga matar Jozef, ita kuma ta zauna gindin itacen bedi a waje da carbinta, suna waƙarsu a ciki tana tasbihinta, har su tashi. Ba ta taɓa shiga ba. Ba ta kuma taɓa fashi ba sai in ciwo ya kayar da ita. Ranar kasuwa ko ba kasuwa, tuwo ya jira.

Aka sa mata suna Cima Lahadi. Yara na bin ta da shi a hanya, manya na jin su ba su tsawata. Aka ce ta bar salla. Ni da nake jin kabbararta ta cikin darni tun assalatu! Matar da ko tana shayar da yara biyu sai da aka yi da gaske ta ajiye azumi.

Wata rana muna sussuka na tambaye ta. Na ce, "Cima, tsakaninki da Allah, ba ki son yarinyar ga ta zama Musulma?"

Ta dakata da taɓarya. Ta ce, "Ina so mana, Kaltuma. Kowace salla sai na roƙa mata. Amma ba ni sata. In ta girma ta zo da ƙahwarta, ni ce mai guɗar farko. Uwarta ba ta iya tasowa ta kai ƙara. Shi ya sa ba ni cin ta."

Abla na da kamar shekara biyar Gado, uban Cima, ya rasu a Tamaske. Lokacin cirar albasa ne, kuma a wannan shekarar Iliyasu bai tafi bida ba, wansa ya riƙe shi aikin garka. Ana ƙyanda a Tamaske, sai Cima ta bar yaran biyu wurin mijinta ta tafi gaisuwa ita kaɗai.

Kashegari da safe na ji kukan Abla, irin kukan da ba na faɗuwa ba ne. Na zagaya da gudu. Na tarar da ɗan Alhaji Umaru tsaye a ƙofa, ya ce an hana kowa shiga. Na leƙa ta darni. Ga Alhaji zaune a kan buzu, ga wanzami, mata biyu sun danne yarinyar ana aske mata kai. Alhaji da hannunsa ya sa almakashi ya datse zaren wuyanta, ya jefa cikin murhu. Aka raba dabino da goro, aka ce sunanta Zaliha. Iliyasu na tsaye jikin rumbu kamar an dasa shi. Na yi ta ihu ta bayan darni har muryata ta shaƙe. Alhaji ya ce, "Ke Kaltuma, wanga ba gidanki ba ne."

Da Cima ta dawo, da kayanta a ka, Muntari ya tarye ta a ƙofa. Ta ce ina 'yar'uwarsa, ya nuna bayan rumbu. Yarinyar na tsugune can, kai tas, ta ƙi fitowa. Cima ta ce, "Abla, zo ga Inna."

Ta ce, "Sun ce ni ba Abla ba ce."

Cima ta sauke kaya. Ba ta sha ruwa ba, ba ta wanke ƙafa ba. Ta saɓi yarinyar ta nufi fadama, ni ina biye. Garkar cike take da mutane, 'yan ƙwadago na ɗura albasa a buhu, masu saye daga Najeriya na zaune a inuwa tare da Alhaji. Ta tsaya a gabansa, ta sauke Abla, ta dafa kanta da aka aske.

"Alhaji, ina wuni. Na zo in tambaye ku. Lokacin da wagga ɗiya ke kukan yunwa, kunka ce ƙazanta ce, kada ta taɓa nonona. Yanzu da ta yi ƙahwa ta isa aike, ta zama taku?"

Ya ce, "Ke, ki san inda kike. Ceto munka yi mata."

"Ceto? To don mi kunka jira na juya baya? Abin kirki ba ya jiran mai gida ya tahi gaisuwar mutuwa. Ubana na kwance cikin ƙasa, ku kuna nan kuna danne marainiya kamar tunkiyar layya. Musuluncin aska da almakashi, wane malami ya karantar da ku shi? Ni dai jahila ce, amma na ji an ce ba a tilas cikin addini. Ko an sake ne ban ji ba?"

'Yan ƙwadago suka ajiye buhuna. Wani dattijo cikin baƙin ya ce a hankali, "Gaskiya ta faɗa." Wannan ne ya ƙarasa tunzura Alhaji. Ya miƙe, bai ko dube ta ba, ya juya ga ƙanensa.

"Iliyasu! Ka ji abin da matarka ta yi mini gaban baƙi. Ko ita, ko ni da garkar ubanmu. Zaɓi."

Kafin magariba Iliyasu ya sake ta. Yana faɗa yana hawaye, amma ya faɗa. Hawayen ba su hana shi riƙe hannun Muntari ya kai shi gidan Alhaji ba, domin ɗa na uba ne. Matar da ta binne uku kafin ta samu guda, aka raba ta da gudan, don ta ƙi cin amanar matacciya. Kuma a garin nan aka samu masu cewa ita ta jawo wa kanta.

'Yan'uwanta suka aiko ta koma Tamaske. Ta ƙi. Ta ce a can babu inda za ta kai yarinya ran Lahadi, kuma ba ta barin garin da ɗanta yake. Ina da ɗaki guda da babu kowa tun rasuwar mijina, na ce ta shigo. Ta gama iddarta a nan, ta zauna, ba ta sake aure ba. Aka hana Muntari shiga gidana, aka hana shi cin tuwonta. Sai ya riƙa zuwa tasha ya tsaya daga nesa jikin wata mota yana kallonta. Tana ganinsa, tana kwasar tuwo. In ta matsa sai ya gudu, don an ce in aka gan su tare zai sha bulala. Da ya ƙara wayo ya koyi biyowa ta bayan gida. Amma shekarun da yaro ke kwana a jikin uwarsa sun riga sun wuce, babu mai mayar mata da su.

Matar Jozef ta kawo wani ɗan gicciyen. Cima da hannunta ta ɗaura wa Abla, ta ce, "Sunanki Abla. Duk wanda ya kira ki da wani, kada ki amsa."

Kada a ce daga ɓangare ɗaya kawai ta sha. Bayan kamar shekara biyu sai ga Baba Jozef ya yi sallama da wani baƙo, Feliks, wanda ake ce wa Mushe irin na Faransawa, akawu a wani ofishi, shi ma Kirista. Na shimfiɗa masu tabarma, Mushe ya ƙi zama, wai wandonsa. Yana jin Hausa sarai, amma sai ya riƙa yin Faransanci Jozef na fassarawa. Wai sun yi shawara, bai dace ɗiyar Kirista ta tashi a gidan Musulmi ba, a hannun macen da ba ta san ko baƙi ba. Za su kai ta gidan marayu a Yamai, inda za ta samu tarbiyya.

Cima ta bari ya gama. Ta ce, "Baba Jozef, ka tambaye shi, yana garin ga shekarar yunwa?"

Jozef ya ce yana nan.

"To ya ji kukanta? Unguwa duka ta ji. Matarshi ba ta da nono? Lokacin da anka danne ta anka aske, yana ina da wandonshi? Ni anka saki, ni anka raba da ɗana, don in kai ta ƙoharku ran Lahadi. Yanzu ni ce ban isa ba? Wancan ya ce in ba shi ita don ni Musulma ce, kai ka ce in ba ka ita don ni Musulma ce. Ku duka ba ku tambayi wa ke tashi in tana zazzaɓi ba. Marainiya ita ce wadda ba ta da kowa. Wagga tana da uwa."

Jozef bai fassara ba, don babu bukata. Ya cire hularsa ya ce, "Cima, ki gafarce ni, ban kyauta ba da na rako shi." Mushe Feliks ya fita yana gunaguni. Da aka buɗe lakwal Cima ta kama hannun Abla ta kai ta da kanta, ta ce a rubuta Abla Komla.

Yunwa ta sake dawowa a tamanin da huɗu. Cima ta sayar da gadon kwananta da akuyoyinta biyu. Ni da ita da matar Jozef muka riƙa haɗa abin da muka samu a tukunya ɗaya. A shekarun nan ne unguwa ta fara saukowa, ba don wani ya yi wa'azi ba, sai don yarinyar ta tashi a gabansu. Da azumi ita ke daka wa tsofaffin unguwa furar buɗa baki. Ran salla ita ke kai tuwo gida-gida. Biba ma, da idonta ya raunana, Abla ke zura mata zare a allura. Sai ka ji tana cewa, "Ai ɗiyar ga tamu akwai hankali." Tamu! Amma ko sau ɗaya ba ta ce wa Cima ta yafe mata maganar naman alade ba. Babu wanda ya ce. Sai suka yi kamar ba a yi ba.

Abla na da shekara goma sha biyu limaminsu ya ce lokaci ya yi da za a yi mata wankan shiga addini, in tana so. Ta zo ta durƙusa gaban Cima tana wasa da bakin zane.

"Inna, in yi?"

Cima ta ce, "Ke mi kike so?"

"Ina so. Amma in ba ki so, na bari."

Cima ta tashi ta yi alwala ta shiga ɗaki. Na ji tana kuka cikin sujada, domin ta sa rai, shekara da shekaru tana roƙo. Da ta fito ta wanke fuska, ta ce, "Ba don ni za ki bari ba, ba don ni za ki yi ba. Tashi mu tahi kasuwa." Ta sayi farin yadi, Jozef ya ɗinka. Ranar ta raka ta har ƙofa, ta zauna a waje kamar kullum. Da suka dawo ta yanka kaza.

Cima ta rasu da daminar tamanin da takwas, bayan ciwon ciki na 'yan kwanaki. Abla ce ta yi jinyarta, ita ke juya ta, ita ke ɗebo mata ruwan alwala. Da abin ya zo, ni na riƙa laƙƙana mata kalmar shahada, kanta na kan cinyar Abla, har ta cika da ita a baki.

A gidana aka yi zaman makoki. Na sa Abla kusa da ni a kan tabarma inda 'ya'yan mamaci ke zama. Wasu suka yi mata gaisuwa, wasu suka tsallake ta kamar turmi ne aka ajiye. Ran addu'ar uku sai ga Alhaji Umaru, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tsaya daga ƙofa inda mata za su ji shi, ya ɗaga murya.

"Allah ya jiƙan Cima. Mace ce mai haƙuri, mai riƙon amana. Irinsu sun yi kaɗan."

Mata suka amsa da amin. Ni kuwa na miƙe tsaye. Na ce, "Alhaji, amanar da kunka sa anka sake ta a kanta? Ga amanar nan zaune. Ku yi mata gaisuwa, uwarta ce ta mutu."

Aka yi ta taɓa ni ana cewa, "Kaltuma, gidan mutuwa ne." Na ce na sani, gidana ne kuma. Alhaji ya tsaya jim, ya dubi yarinyar, bakinsa ya motsa. Ban ji abin da ya ce ba. Wasu sun ce gaisuwa ya yi, wasu sun ce istigfari. Ya juya ya tafi.

Kuma Cima ba mai haƙuri ba ce, kada a yi mata ƙarya bayan ranta. Mai fushi ce, ta yi fushi inda ya kamata a yi, lokacin da masu rawani da masu wando suka yi shiru.

Abla ta zauna wurina har ta gama kwaleji. Daga nan ta ci jarrabawar makarantar ungozoma, na raka ta tasha da akwatinta na kwano da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta shiga mota.